Ba ƙarin gishiri Jack Palance ya yi ba

Wani ƙanena da ke karatun harkar fim ya turo mini guntun bidiyo kwanan baya, baƙi da fari, hoton duk ya dushe. Wani ƙaton mutum ne a ofis gaban wata mata, hanci a lotse, kunnuwa a murɗe, murya tana rawa, yana ta fama ya gaya mata ko shi wane ne. A ƙasa yaron ya rubuta: "Yaya, dubi yadda 'yan da suke ƙara gishiri a wasa. Yau wa zai yarda da wannan?"

Ni na yarda da wasan. Kuma maganar ta ɓata mini rai, don ba daga bakinsa kaɗai na ji ta ba. Duk lokacin da aka nuna tsohon wasan talabijin wanda namiji ya karye a cikinsa, sai wani ya ce an cika kuka, an cika ihu, 'yan wasan ba su waye ba. A ganina abin da Jack Palance, ɗan wasan Amurka da ke cikin bidiyon, ya yi a daren da aka nuna wasan shi ne daidai gwargwadon labarin. Ya auna mutumin da aka ba shi ya fito a matsayinsa, ya ga girman abin da mutumin ya rasa, ya nuna shi yadda yake. Idan mai kallo ya ji nauyi a ƙirji har ya so kau da kai, to aikin ya yi ke nan.

Wasan da ake magana a kai

Sunansa Requiem for a Heavyweight. Tashar CBS ta Amurka ta nuna shi kai tsaye ranar 11 ga Oktoba, 1956, a cikin shirin Playhouse 90, wanda a lokacin mako na biyu ke nan da fara shi. Rod Serling ya rubuta, Ralph Nelson ya ba da umarni. Minti 90 ne har da tallace-tallace.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Mountain McClintock ɗan damben zamani ne ajin masu nauyi, mutumin ƙauye daga jihar Tennessee, wanda ya shekara 14 yana shan naushi. An fito da shi daga fage a jigace, likita ya duba idonsa ya ce ya gama, idan ya sake shiga zai iya makancewa. Manajansa Maish, wanda ya ɗauka tamkar uba, ashe ya yi caca a kan cewa zai faɗi tun a turamen farko. Mountain bai sani ba, ya jure ya wuce inda aka zata, Maish ya shiga bashin 'yan caca. Don ya biya, sai ya nemi tura Mountain kokawar wasa, irin wadda ake shirya wanda zai ci tun kafin a fara, a sa masa kayan ban dariya jama'a su yi ta shewa.

Guntun da ƙanena ya gani shi ne inda Mountain ya je ofishin neman aiki. Wannan wurin za mu fi daɗewa a kai.

"Ai 'yan dandamali ne, sun saba ɗaga murya"

Wannan ita ce hujjar farko da ake kawowa, kuma tana da tushe. Da yawa daga 'yan wasan talabijin na wancan zamani daga dandamalin wasan kwaikwayo suka fito, inda dole mutum ya buɗe murya ya faɗaɗa motsi don na kujerar baya ya gani. Akwai wasannin 1950 da 'yan kai da za ka kalla ka ga ana yi wa kyamara ihu alhali tana dab da hancin mai magana.

Amma a koma a kalli Palance da kyau. Mafi yawan wasan a hankali yake magana, kusan raɗa, numfashi na katse masa kalma. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, amma ya rage kansa, ya sunkuyar da kai, hannuwa ba su san inda za su zauna ba. Idan aka yi masa tambaya sai ya ɗan yi jim kafin amsa ta iso, yadda wanda ƙwaƙwalwarsa ta sha bugu yake yi. Likitoci sun san wannan ciwo tun 1928, lokacin da wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya yi rubutu a kan 'yan damben da tafiyarsu da maganarsu ke lalacewa saboda yawan naushi a ka. Palance bai kwaikwayi bugagge don a yi dariya ba. Ya saka wannan jinkirin a cikin kowace jimla, ya riƙe shi daga farko har ƙarshe.

Don haka lokacin da ya ɗaga murya a ofishin nan, ba daga sama abin ya faɗo ba. Matar, Grace Carney, wadda Kim Hunter ta fito a matsayinta, tana cike takarda ne kawai. Makaranta? Bai yi nisa ba. Sana'a? Dambe. Sai ta yi kuskuren haɗa shi da masu larura na musamman. A nan ya fashe, ya gaya mata shi fa saura ƙiris ya zama zakaran duniya, ya taɓa zama na biyar a jerin masu neman kambun. Wanda ya ga wannan sakan talatin ɗin kaɗai zai ce ihu ne. Wanda ya biyo shi tun daga ɗakin likita ya san ya daɗe yana haɗiyewa.

Ku je inda tsofaffin ma'aikata ke layin tantance fansho ku tsaya na ɗan lokaci. Dattijo zai zo cikin ladabi, ya miƙa takarda, a ce babu sunansa. Ya koma gefe. Ya dawo, a ce ya kawo wata takarda. Ya yi haƙuri. Sai wani yaron ofis ya ce masa, "Baba, wai kai a ina ma ka yi aiki?" Muryar da za ta fito daga bakin dattijon nan a lokacin, wanda ya shigo yanzu zai ce tsoho ya cika faɗa. Ba kuɗin ne ya tayar da shi ba, tambayar ce. Shekarunsa talatin da biyar aka mayar kamar ba a yi su ba. Wannan muryar Palance ya nemo.

"Namiji, kuma ɗan dambe, ba ya yin haka"

Wannan ce ta fi ba ni mamaki, domin masu faɗinta yawanci ba su taɓa zama da tsohon ɗan dambe ba.

Waɗanda suka yi wasan sun san fagen daga ciki. Serling sojan laima ne a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi yaƙi a Filifin, kuma ya yi dambe a soja har aka karya masa hanci. Palance ɗan mai haƙar kwal ne daga jihar Pennsylvania, iyayensa 'yan asalin Yukren, shi ma ya shiga rami, sannan ya yi damben kuɗi na ɗan lokaci da sunan Jack Brazzo kafin ya koma wasan kwaikwayo. A cikin wasan kuma, a mashayar da tsofaffin 'yan dambe ke taruwa suna maimaita faɗace-faɗacen da suka wuce, akwai Max Baer da Maxie Rosenbloom, waɗanda zakarun duniya ne na gaskiya a zamaninsu. Mutanen nan ba daga littafi suka koyi yadda ɗan dambe ke tsufa ba.

Kuma masu kallo a 1956 ba baƙi ba ne ga abin. Dambe na cikin manyan shirye-shiryen talabijin a Amurka a lokacin, ana nuna shi kai tsaye kowane mako, daren Laraba da daren Juma'a. A wannan shekarar ce ma Joe Louis, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1937 zuwa 1949, ya shiga kokawar wasa saboda bashin haraji da ya yi masa katutu. Kafin shi Primo Carnera, shi ma tsohon zakara, ya bi wannan hanya. Wato abin da Maish yake nema Mountain ya yi, mutane sun gani da idonsu an yi wa mutumin da duk ƙasar ke alfahari da shi. Wa zai ce musu an ƙara gishiri?

Mu ma muna da dambe, mun kuma san abin da ake yi wa ɗan dambe yana ganiyarsa: kiɗa, kirari, liƙi, a ɗaga shi sama. Kaɗan ne ke tambayar inda yake bayan hannu ya daina kisa. Jarumtar da muke gani a fage ta minti kaɗan ce, kuma a gaban jama'a ake yin ta. Abin da ke faruwa a ɗaki, bayan an kwance zare daga hannu, ba a kiran kowa ya kalla. Serling ya ɗauki kyamara ya kai ta wannan ɗakin. Wanda ya ce namiji ba ya karyewa, fage kawai ya sani.

Akwai wani abu kuma. Kafin wannan dare, an fi sanin Palance da fitowa a mugu. An sa shi takarar lambar Oscar sau biyu a farkon shekarun 1950, duka biyun a matsayin mutum mai ban tsoro. Masu kallo sun saba jin tsoron wannan fuskar. Ganin ta tana neman a tausaya mata, tana jin kunyar kanta, shi ya sa abin ya shiga mutane sosai. Zaɓensa da aka yi ba haɗari ba ne.

"Kai tsaye ba gwaninta ba ce, rashin kayan aiki ne"

Gaskiya ne cewa ba don son wahala suka yi shi kai tsaye ba. Na'urar ɗaukar hoton bidiyo a kan tef a shekarar 1956 ɗin aka fito da ita, kuma CBS ba ta fara amfani da ita ba sai ƙarshen Nuwamba, makonni bayan wannan wasa. Abin da ya rage mana yau ma, kyamarar fim ce aka kafa a gaban allon talabijin tana ɗauka yayin da ake nunawa, shi ya sa hoton ya dushe.

To amma dole ta haifar da wani abu da tace fim ba ya iya bayarwa. Ku yi tunanin yadda aikin yake. Babban ɗaki ɗaya, an gina ɗakin likita nan, mashaya can, ofis a gefe, jirgin ƙasa a lungu. Manyan kyamarori a kan taya suna jan wayoyi masu kauri a ƙasa. Darakta yana wani ɗaki yana zaɓen kyamarar da za ta fita a kowane sakan. Idan aka tafi talla, ɗan wasa ya ruga ya sauya riga ya koma wani wurin. Babu "a sake". Idan ka manta magana, miliyoyin mutane na kallon ka kana neman ta.

A irin wannan aiki ɗan wasa yana bin labarin a jere, daga farko zuwa ƙarshe, a zama ɗaya. Gajiyar da ke jikinsa a minti na saba'in ta gaske ce. Zufar ta gaske ce. Baƙin cikin da ya fara tarawa a fitowa ta farko yana nan a ƙirjinsa lokacin da ya kai ta ƙarshe, domin babu wanda ya katse shi ya ce a tafi cin abinci a dawo gobe. A fim kuwa ana iya ɗaukar ƙarshen labari ranar Litinin, farkonsa ranar Alhamis, a ɗauki kuka sau goma a zaɓi wanda ya fi kyau, a yanke inda ya yi yawa, a sa kiɗa mai taushi ya ƙarasa abin da fuska ta kasa.

Ban ce tacewa laifi ce ba. Amma a daina kiran wannan "gaskiya" a kira wancan "ƙari". Ƙanena ya taso yana kallon fina-finan da ake ɗiga wa 'yar wasa ruwa a ido, a saki waƙa, a riƙa jan hoton a hankali har minti uku. Mu duka mun ga irinsu a namu fina-finan. Wannan bai dame shi ba, don ya saba. Abin da bai saba gani ba shi ne mutum ya tsaya shi kaɗai gaban kyamara, babu abin da zai ɓuya a bayansa, ya ɗauki nauyin da kansa.

Maganar tsoho Ed Wynn

Ga wanda har yanzu ke ganin kai tsaye ba ya ƙara komai, ga labarin Ed Wynn.

Shi ne ya fito a Army, mai kula da raunukan Mountain a kusurwa, wanda ke son sa tsakani da Allah. Wynn yana dab da shekara 70 a lokacin, kuma duk rayuwarsa ɗan barkwanci ne, mai saka huluna na ban dariya da wata 'yar dariya da kowa ya san shi da ita. Kasuwar irin barkwancinsa ta mutu. Ɗansa na cikinsa, Keenan Wynn, shi ne ya fito a Maish.

A wurin gwaji abin bai yi kyau ba. Tsohon yana manta magana, idan ya rikice sai ya koma ga tsohuwar dariyarsa. Aka yi ta maganar a cire shi, har aka sa wani ɗan wasa, Ned Glass, ya haddace maganganunsa a ɓoye ko da ta ɓaci. An ruwaito cewa Palance ya ce idan aka kori tsohon shi ma ya tafi. Da dare ya yi, fitila ta kama, Ed Wynn ya yi wasan da ya buɗe masa sabuwar rayuwa, har ya kai ga takarar Oscar bayan 'yan shekaru. Labarin ya shahara har a 1960 aka yi wani wasan talabijin a kansa, uban da ɗan da Serling da Nelson duk suka fito da kansu.

Ku lura da abin da ke faruwa a nan. Tsoho wanda ake ganin ya ƙare, yana tsoron ya ji kunya a gaban duniya da gaban ɗansa, an ba shi ya fito a matsayin mai roƙon a tausaya wa wani mutum da ake ganin ya ƙare. Idan muryarsa ta yi rawa a wannan wuri, ta ina za a raba ta Army da ta Ed Wynn? Da fim ne, da an sake ɗauka har sai tsoron ya fita, da kuma an rasa abin da ya fi komai daraja a fitowar.

"Tausayinmu kawai ake nema"

Wasu za su ce duk wannan dabara ce ta matse hawaye: a kawo ƙaton mutum mai zuciyar yaro, a zalunce shi, mu yi kuka, a sayar mana da sabulu a lokacin talla.

Da wasan ya tsaya a kan tausayi kaɗai, da na bi bayansu. Amma dubi Maish. Keenan Wynn bai yi shi a matsayin shaiɗan ba. Mutum ne da tsoro ya kama, wanda ya san 'yan caca ba sa wasa da kuɗinsu, yana kuma jin kunyar abin da yake yi ko da yana yin sa. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce. A shekarun nan 'yan daba irin su Frankie Carbo suna da hannu dumu-dumu a damben Amurka, kuma a 1960 ɗan dambe Jake LaMotta ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawa cewa da gangan ya faɗi a wani faɗa a 1947. Wasan yana nuna yadda sana'a ke cinye mutum ta tofar, da yadda waɗanda ke ci daga jikinsa su ma ake ci daga nasu.

Abin da Mountain yake alfahari da shi ɗaya ne: faɗa 111, bai taɓa faɗuwa da gangan don kuɗi ba. Ba shi da gida, ba shi da ilimi, fuska ta lalace, ido na shirin tafiya. Wannan kaɗai ya rage masa, kuma shi ake nema ya sayar. Idan ɗan wasa ya nuna wannan da fuska a daskare don kada a ce ya yi yawa, to ya gaya mana abin ba shi da muhimmanci. Ya yi wa labarin ƙarya ke nan.

Inda na ba su gaskiya

Ba komai na wasan nake karewa ba. Ƙarshensa ya yi sauƙi fiye da yadda rayuwa ke yi. Mountain ya gano cin amanar, ya ƙi shiga kokawar, ya hau jirgin ƙasa zuwa gida, a cikin jirgin wani yaro ya gane ɗan dambe ne, ya fara koya masa yadda ake tsayuwa da kare fuska. Yana da daɗin kallo, amma Joe Louis bai samu irin wannan jirgin ba. Da aka mayar da labarin fim a 1962, da Anthony Quinn a matsayin Mountain, Serling ya sauya ƙarshen: mutumin ya saka kayan ban dariyan ya shiga fage don ya ceci manajan da ya ci amanarsa. Wannan ya fi kama da abin da ke faruwa. Shaƙuwar da ke tsakaninsa da Grace ma an yi saurin ƙulla ta.

Amma waɗannan matsalolin rubutu ne da na tashar da ba ta son masu kallo su kwanta da ɓacin rai. Ba su taɓa abin da Palance ya yi ba. Fim ɗin 1962 ya fi tsabtar hoto, yana da Cassius Clay a farkonsa kafin ya zama Muhammad Ali, kuma Quinn ƙwararre ne. Duk da haka idan aka ce in zaɓi fitowa ɗaya ta ofishin neman aiki, ta 1956 zan ɗauka, da dushewarta da komai.

Mutanen zamaninsa ba su ga ƙari ba. Palance, Serling da Nelson kowannensu ya karɓi lambar yabo ta talabijin ta Emmy a kan wannan aiki, Serling ya ƙara da ta Peabody. A 1957 BBC ta yi nata kai tsaye a Ingila, da wani matashi da ba a san shi sosai ba a lokacin, Sean Connery. Labarin ya ƙetare teku ne don abin da ke cikinsa ya taɓa mutane.

Abin da nake roƙon matasanmu masu koyon fim shi ne kada su yanke wa wasa mai minti 90 hukunci da guntun sakan talatin a waya. Hoton 1956 yana nan, ana samunsa. A zauna a kalle shi tun daga inda aka fito da Mountain daga fage, a bi shi ɗakin likita, a bi shi mashaya, sannan a shiga ofishin tare da shi. Wanda ya yi haka kuma ya ce an ƙara gishiri, sai ya nuna mini wane sakan ne za a cire.